Wutsiyar Ayarin Kwalanga

Da sunan Allah da ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba kifi ruwa, ya bar ɗan Adam da ƙafa biyu da dogon buri. Ku matso, ku da kuka nace sai na ba ku labarin tafiya. Ni ne Arzika ɗan Jatau maɗori, mutumin Tudun Gamji. Na taka ƙasashen da ko sunansu bai iso nan ba, na sha ruwan da bai yi kama da ruwa ba, na ci abin da ba zan faɗa a gaban mai cin tuwo ba. Amma wanda ya zo neman dariya ya tashi tun yanzu, don labarin nan ba shi da ita da yawa.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayana Mantau. Gidanmu gidan ɗori ne tun kaka da kakanni. Baba ya sha faɗa mana cewa can kudu, bayan inda ciyawa ke ƙarewa kurmi ya fara, akwai wani dutse da ake kira Kwalanga, a bisansa kuma akwai ganyen da in an ɗaura wa karaya da hantsi, kafin azahar ƙashi ya haɗe. Shi bai taɓa gani ba, a bakin kakansa ya ji. Da aka share makokin Baba, Yaya ya ce zai je ya gani da idonsa. Na ce ƙafata ƙafarsa. Ya ce in zauna in kula da gida. Na ce gidan ya kula da kansa. Ya dube ni, ya yi tsaki, ya ce, “To ɗauko gorar ruwa, sarkin taurin kai.”

Yaya dogo ne, maganarsa kaɗan. Shi ya goye ni sa'ad da innarmu ta rasu ina rarrafe. In muna cin abinci sai ya turo mini naman ya ce haƙori ke damunsa, alhali da haƙoran nan yake fasa ƙwallon goruba.

Muka kama hanya. Muka bar ƙasar gero muka shiga ƙasar doya, muka bar ta doya muka shiga inda ba a noma komai saboda daji ya fi ƙarfin fartanya. Itatuwa sun haɗe kai a sama, rana sai dai ka ji labarinta. Ruwa na ɗiga daga ganye ko babu hadari, matsattsaku na bin ƙafa har cikin wando. A tsakiyar kurmin nan muka iske wani kwazazzabo mai zurfin da in ka jefa dutse ba ka jin faɗuwarsa, an tsallaka shi da gadar igiyar daji, kuma wasu manyan birai ne ke tsaronta. Wani mafarauci ya riga ya gargaɗe mu cewa biran nan ba sa karɓar komai sai abin da matafiyi ya fi ƙanƙamewa. Yaya ya miƙo mini wata fasasshiyar gora ya ce in rungume ta kamar raina na ciki, guzurinmu kuwa ya rataya a kafaɗa yana lilo kamar ba nasa ba. Sarkin biran ya diro, ya dube mu, ya fizge gorar. Ni kuma na fasa ihu, na faɗi ina birgima. Da muka tsallake Yaya ya ce, “Kukan naka ya yi yawa. Saura kaɗan ya dawo maka da ita.” Muka yi dariya har da hawaye.

Bayan kurmi muka iso wani kogi da ake kira Baƙin Ruwa. A gefenmu yashi ne fari irin wanda kuka sani. A tsallake kuwa ƙasar duk laka ce ja mai sanyi, wadda in ka taka sawunka ke fitowa har da zanen tafin ƙafa. Daga can muka ɗaga kai muka ga Kwalanga, rabinsa a cikin gajimare. Garin da ke gindinsa ma sunansa ke nan.

Ban taɓa ganin mutane masu annashuwa irin nasu ba. Tsoho mai furfura na tafiya yana tsalle kamar ɗan akuya. Babu mai sanda, babu mai dafa ƙugu. Madugunsu, wani gajere mai tumbi ana ce masa Ɓarmo, ya taro mu da hannu biyu. Ya iya harshenmu, a wajen fatake ya koya.

“Lale, lale da baƙi! Ganye kuka zo nema, ko ba haka ba? Kun zo a sa'a, ayari na gab da hawa.”

Yaya ya tambaye shi abin da za mu bayar a tafi da mu. Ɓarmo ya dafa ƙirji kamar an zage shi.

“Haba malam! Baƙo ba ya ba da komai a Kwalanga. Ƙafarku kawai muke so a cikin tamu.”

Aka sauke mu, aka yi ta ɗura mana nama da zuma. Mata na zuwa su shafe mana ƙafafu da mai, suna matsa ƙwaurin Yaya suna kallon juna suna gyaɗa kai, yadda ake taɓa rago a kasuwa. Ni duk na ɗauka karamci ne.

Ranar tashi Ɓarmo ya faɗa mana dokar hawa. Ba a hawa da takalmi. Ba a hawa sai a layi ɗaya, igiya ɗaure a ƙugun kowa. Kuma kowa sai ya sa ƙafarsa daidai a cikin sawun na gabansa, don a cewarsa dutsen ba ya son sawu barkatai. Ya ce gurbin ƙarshe, wanda suke kira wutsiya, gurbin girma ne, babban baƙo ake ba shi don ya tsare bayan ayari.

“To wane ne babba a cikinku?”

Yaya ya ce shi ne. A garinmu ƙane ba ya zama a wurin girma yayansa na tsaye, saboda haka na shige gabansa ban ko yi tunani ba. A gabana aka ɗaura wani ƙato mai wushirya, sunansa Dungu, shi ma yana jin harshenmu.

Kai, jama'a! Ban san daɗin tafiya ba sai ran nan. Hanya ta miƙe tsaye kamar tsani, amma ni ji nake kamar iska ke ɗauke da ni. Muka bi ta bayan ruwan da ke zubowa daga sama yana rugugi, muka ratsa ciyawar da ta fi giginya tsawo, muka ga tsuntsaye masu jela kamar rawani. Mutanen ayari na ɗauke da tukwane da buhunan hatsi, amma suna waƙa, suna rawa, wani ma ya ɗora abokinsa a wuya don wasa. Ni ma na shiga waƙar da ban san ma'anarta ba. Da na waiwaya na ga Yaya ya jiƙe sharkaf, jijiyoyin wuyansa sun tashi, na ce, “Yaya, tsufa ne ya zo?”

Ya ce, “Dubi gabanka.”

Kwana ya bi kwana muna hawa. Ni kullum ƙara ƙarfi nake, Yaya kuwa idanunsa na faɗawa. In aka yada zango sai ya kwanta inda ya tsaya, abinci ma sai na ba shi a baki. In na tambaye shi sai ya ce sanyin dutse ne bai karɓe shi ba.

Wata safiya muka fara wuce wasu gumaka a gefen hanya, a zazzaune, sun jingina da dutse, gansakuka ta fito musu a kafaɗu. Akwai mai rawani, akwai mai tsagar wata ƙasa, akwai mace. Na yi mamakin gwanin da ya sassaƙa su. Sai muka zo kan wani da gansakukar ba ta gama rufe shi ba. Ƙuda ya sauka a kan ƙwayar idonsa, bai ƙifta ba. Amma na ga ƙirjinsa ya ɗaga, ya sauka.

Na ce, “Innalillahi! Dungu, wannan mutum ne, yana numfashi!”

Dungu ko waiwayowa bai yi ba. “Wutsiyar bara ce. Hutawa yake.”

“Wane irin hutu?”

Ya yi dariya, ya yi mini bayani yana tafiya, kamar mai koya wa yaro ɗaurin akuya. Ya ce jar lakar nan tana shan gajiyar wanda ya taka ta, ta ajiye a cikin sawunsa. Wanda ya sa ƙafa a sawun, shi ya kwashe. Madugu ya zuba wa na biyu, na biyu ya haɗa da tasa ya zuba wa na uku, haka har ƙarshen layi. Wanda babu kowa a bayansa, shi ke riƙe ta duka.

“Ai shi ya sa muke son baƙi,” in ji shi. “Yayan nan naka kuwa Allah ya yi masa ƙwauri. Wasu tun a ruwan farko suke zama.”

Duniya ta juya mini. Wato duk rawar nan da tsallen nan, da ƙaton da aka ɗora a wuya don wasa, da waƙar da ni ma na yi, a ƙafar Yaya suke sauka, kuma ta cikin sawuna suke bi su isa gare shi. Nan take na kauce, na taka gefe, na ƙi sa ƙafa a sawun Dungu. Bai yi taku biyu ba ya yi nishi kamar an jibga masa buhu, ya juyo idanunsa jajur, ya zaro bulalar fatar dorina. Ya zane ni har sai da na daina ganin gabana. Ayari ya tsaya yana kallo, wasu na cin gyaɗa. Ɓarmo ya aiko daga gaba cewa in aka sake, ranar ni da yayana ba mu ba ruwa.

Da hanyar nan ta toshe sai na nemi wata. Na ci gaba da taka sawun Dungu, amma in na ɗaga ƙafa sai in ja yatsu in goge nawa, don Yaya ya rasa abin takawa. Wayyo Allah! Abin da ya sauko mini ba shi da suna. Ji na yi kamar an cika ƙasusuwana da yashi mai zafi, numfashi ya gagare ni, ko fatar idona ta yi mini nauyi. Ban yi nisa ba na durƙusa. Ina nan a durƙushe na ga ƙafar Yaya ta zo a hankali, ta nemi ramin da gwiwata ta yi a laka, ta shiga. Nauyin ya bar ni kamar an sauke tulu.

Ya ce, “Tashi. Kada ka sake.”

Da aka tsaya shan ruwa na matsa kusa da shi ina kuka. “Yaya, ka sani?”

“Tun safiyar farko.”

“Don me ba ka faɗa mini ba?”

“Da na faɗa me za ka yi? Abin da ka yi yau, a zane ka a banza.”

“To ka riƙa taka gefe, mu raba. Rabi naka, rabi nawa.”

“Na ga yadda ka ɗauki rabin.” Ya kurɓi ruwa. “Ni na ce ka zauna a gida, ka ƙi. Tun da ka zo, to sai ka ji magana.”

Na ja igiya na isa wurin Ɓarmo, na faɗi a gabansa, na roƙe shi ya musanya mu. Ya shafa kaina kamar ɗansa.

“Yaro, ba a sauya wutsiya sai ta zauna. Kada ka yi gaggawa. Ranar da ya zauna, ai kai ne.”

Sai a lokacin na gane abin da ke riƙe da Yaya a tsaye. Tafin ƙafarsa ya tsage, yatsunsa sun karye suna kallon gefe, in ya yi tari sai ya juya mini baya ya tofar, amma ya ƙi zama. Ni kuwa ina gabansa garau, ko zufa babu, ina zuba masa da ƙafata. Na tsani mutanen nan, na tsani waƙarsu, na tsani lafiyar jikina.

Haka muka kai bisa. Kan Kwalanga fili ne shimfiɗaɗɗe, gajimare na ƙasa da mu kamar an baza auduga, ganyen kuwa ga shi nan ko'ina, shuɗi-shuɗi, kamar tafasa a bayan gari. Ɓarmo ya sa aka daka shi aka ɗaure ƙafafun Yaya. A gaban idonmu yatsun suka miƙe, ƙashi ya koma mazauninsa yana ƙara. Yaya ya daɗe yana kallo, ya taɓa da hannunsa irin na maɗori, ya yi murmushi.

“Arzika, Baba bai yi ƙarya ba.”

Ba don tausayi suka yi ba. Na ji Ɓarmo na ce wa Dungu da harshenmu, ko ɓoyewa bai yi ba, “Wutsiyar nan mai kyau ce. In an gyara ta za ta kai mu rabin gangara da kaya, sai ƙaramin ya ƙarasa.” Ganyen kuma ƙashi kawai yake ɗorawa. Abin da ya fashe a ƙirjin Yaya bai san da shi ba.

Suka watsu suna cika kwanduna, suka bar mu ba tsaro, don sun san ɗaya ba ya iya tashi, ɗaya ba zai tafi ya bar shi ba. Na zauna ina kallon bakin hanyar sauka. Wata 'yar ƙofa ce tsakanin duwatsu biyu, mai matakala ɗaya da ƙafa ɗaya kawai ke samun wuri a kanta. Na lura Ɓarmo mutum ne mai tsoron sawu. A gaban ayari yake koyaushe, kuma ya ce ba za a sauka ba sai ruwan sama ya wanke sawun hawa tas. Na dubi lakar da ke gabana, na dubi wani faffaɗan kasko da aka yar bayan dakan ganye.

Na ce, “Yaya, taku ɗaya nake so ka yi mini.”

“Na me?”

“Yau kai za ka ji magana.”

Na ɗaga shi, ya dafa ni, ya sa ƙafar dama a laka mai laushi, ya koma ya kwanta. Na zagaye sawun da wuƙar kara, na zura kasko a ƙarƙashinsa a hankali yadda Baba ya koya mana ɗaga karyayyen hannu, na ɗauke shi ɗungurungum ba tare da na taɓa cikinsa ba. Da la'asar hadari ya haɗo. Na kifa ƙwarya a kan sawun, na kwanta a kai ruwa na dukan bayana. Dungu ya wuce ya ce, “Ka ga baƙo, ƙwaryar abinci yake wa gadi.”

Washegari da sassafe, suna ta ɗaure kwanduna, na sulale na dasa sawun a kan matakalar nan, na shafe gefensa, na barbaɗa masa busasshen ganye kaɗan. Aka jera mu, aka ɗaure. Yaya na bayana yana layi, numfashinsa na ƙara kamar fito. Ɓarmo ya leƙa hanya, ya ga ruwa ya wanke ta, ya ɗaga murya ya fara waƙa, ya sa ƙafa.

Waƙar ta yanke a tsakiya. Gajiyar ayari guda ta hawan dutse guda ta shige jikin mutumin da tun haihuwarsa bai taɓa haki ba. Ko ihu bai iya yi ba. Ya narke kamar kitse a wuta, ya gangara ƙasa, igiya ta fizgi na bayansa, na bayansa ya fizgi na bayansa, mutane da kwanduna suka cakuɗe a ƙofar dutse. Na yanke igiyarmu da bakin kasko. Kafin in juya na ji an cafki hannuna da ƙarfin da na sani tun ina yaro.

“Gudu, Arzika!”

Yaya ne, tsaye cak, idanunsa a buɗe. Muka bi ta kan mutane muka tsallake. Na ga Ɓarmo a jingine da dutse, bakinsa a sake, idonsa na bin mu.

Yaya ya shige gaba don ya fi ni ganin hanya, ni ina biye. Hanyar ƙunci gare ta, dama rami, hagu bango, saboda haka ƙafata a sawunsa take sauka. Na yi murna da haka. Na ce yau dai ni zan ɗauka masa. Gajiyarsa na shigowa jikina ina karɓa da hannu biyu, shi kuwa yana tsallake duwatsu yana dariya.

Ba mu yi nisa ba muka ji su a bayanmu. Sun kwance, sun zubar da kaya, sun sake jera layi, sun sa wata tsohuwa mai dafa musu abinci a wutsiya. Dungu ne a gaba da baka a hannu. Abin da ya rage musu sauri shi ne tsoron sawuna, sai sun raɓa gefe suna neman wurin taka. In wuri ya matse wani ya kuskure ya taka, sai in ji ƙara a baya, ni kuma in ji jikina ya yi sakayau. Da haka na rayu. Kibiya na wuce kunnena tana shiga laka.

Sai na fara ganin jini. Ba a sawun ba, a gefensa, ɗigo-ɗigo, can kuma guda-guda. Yaya ya waiwayo ya ce in yi sauri, na ga gemunsa ya rine, yana zuba ta baki da hanci, shi bai ma sani ba. Ni ɗan maɗori ne, na gane. Laka gajiya take ɗauka, ɓarnar da gajiya ta riga ta yi tana nan inda take. Jikinsa na ta kiran ya tsaya, ni kuma ina bayansa ina kwashe kiran kafin ya ji.

Na ce, “Yaya, tsaya! Jini kake zubarwa!”

Ya shafa baki, ya duba hannunsa, bai rage gudu ba. “Ba na jin komai. Wallahi ban taɓa jin daɗin jikina kamar yau ba.”

Na gwada. A wani wuri mai ɗan faɗi na taka gefe na bar masa abinsa. Taku kaɗan ya yi ya kife, yana shaƙar iska ba ta shiga. A sama da mu na ji Dungu na cewa, “Ga su can, babban ya faɗi!” Yaya ya ɗago ya dube ni. Bai yi faɗa ba.

“In na zauna a nan, kai za su ɗaura. Taka, Arzika.”

“Zai kashe ka, Yaya.”

“Na sani. Taka.”

Na taka. Ya miƙe kamar ba shi ba, muka ci gaba. Muka wuce mutanen nan masu gansakuka, muka bi ta bayan ruwa mai rugugi, rana ta faɗi ta sake fitowa ba mu tsaya ba. Ina gudu ina kuka, ina sa ƙafa daidai inda ya sa, ban kuskure ko ɗaya ba. A gindin dutse muka bar hanyar gari muka yanki ta kogi. Muka faɗa Baƙin Ruwa, ruwa iya ƙirji, yana riƙe da wuyan rigata har muka fita.

Mutanen Kwalanga ba sa tsallake kogin nan, don a kan yashi kowa shi ke ɗaukar gajiyarsa. Suka tsaya a bakin jar lakarsu. Tsohuwar ba ta cikinsu. Dungu ya sauke baka, ya haɗa hannu a baki, ya kira ni da fara'arsa kamar mun rabu a kasuwa.

“Baƙo! Ka gai da gida! Ka ce musu ƙofarmu a buɗe take!”

Suka juya suna hira. Na ɗebi duwatsu ina jifa ina zagi, ko rabin kogin ba su kai ba.

“Arzika.”

Na waiwaya. Yaya na tsaye a kan farin yashi inda ya fito, bai ƙara taku ba. Fuskarsa ta yi toka-toka, amma yana tsaye.

“Sun bar bin mu?”

“Sun bari, Yaya.”

“Duba da kyau.”

Na duba. “Sun tafi. Ko ɗaya babu.”

“Babu igiya a ƙugunka?”

Na kwance guntun da ya rage na jefa a ruwa. Ya bi shi da ido har ya nutse.

“To,” in ji shi. “Na gaji.”

Ya zauna a hankali. Na zauna a bayansa ya jingina da ƙirjina. Na zagaya da ƙafata na taka sawunsa na kan yashi, na sake takawa, na danna da ƙarfi, ban ji komai ba, yashi ne kawai.

Ya ce, “Bari wannan. Ɗan riƙe ni in huta, sai mu wuce.”

Na ce, “Huta, Yaya.”

Na riƙe shi. Inuwar itatuwa ta bar kanmu ta koma kan ruwa ina riƙe da shi. Na yi ta ba shi labarin gida, da wanda za mu fara gaisarwa in mun isa, har hannunsa da ke cikin nawa ya yi sanyi. Da hannu na haƙa masa kabari a sama da inda ruwa ke kaiwa, na yi masa salla ni kaɗai, ni liman ni mamu.

Iyakar abin da na gani ke nan a ƙasar Kwalanga, ban ƙara ba, ban rage ba. Wanda ya saurara har nan, ladan da nake nema a wurinsa ɗaya ne. Sunansa Mantau ɗan Jatau, ku sa shi a addu'a.